Dallatu Ya Kai Sitonsa Cikin Waya

Duk wanda ya san ƙauyukan gefen Bici ya san Dallatu mai sito. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, a nan ai gona kan gona take, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Haƙurin ajiya ne ya fi mutane. Da kaka, kowa na kwasar dawa zuwa kasuwa, shi sai ya ɗinke buhunansa, ya zana wa kowanne ƙafar kaza da jan fenti, ya garƙame ƙofa. Sai damina ta yi nisa, tukwane sun fara kwana a kife, sannan ya buɗe. Shekara talatin yana haka, yana yi wa jama'a dariya. "Wanda ya sayar da hatsi da kaka," in ji shi, "hankalinsa ya sayar, hatsin gyara ne."

To, shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ga Malam Abdulƙadir, ƙanen matarsa Hure, malamin firamare, da sabuwar sana'a a waya: cinikin hannun jari. Ka sayi ɗan rabo a kamfani da safe, ka sayar kafin a tashi kasuwa. Kore riba, ja faɗuwa. Tsautsayi ya sa ranar allon kore ne shar, idon Dallatu kuwa ya buɗe.

Tsakani da Allah, Malam ya faɗi gaskiya. "Yaya Dallatu, da kaɗan ake farawa, abin da ko ya tafi ba za ka yi kuka ba. Kuma ba a kwana da kaya. Ka ga ya fara ja, ka sayar ka tsira da saura."

"Ji wannan! Kai da albashinka ba ya kai ka goma ga wata, kai za ka koya mini kasuwa?"

Kaka ce fa, dawa a wulaƙance. Amma Dallatu, Dallatun da muka sani, ya kira Mati ɗan awo, wanda ya fi shan gorinsa, ya sayar masa da siton kaf. Hure ta tare ƙofa. "Maigida, ko na cin gida ba za ka bari ba?" Ya ce ta matsa, sabon siton ba ɓera, ba ƙwaro, ba yoyo. Ya zuba kuɗin duka a wani kamfanin sabulu.

Ranar farko abin ya ɗan yi kore. Malam ya ce a sayar.

"Wa ya taɓa sayar da kaya ranar da ya saya? Sai damina."

Kashegari ja. Mako ya zagayo, ja. Ko a jikinsa. Har karatu ya buɗe a dakalin ƙofar gida, yana koya wa sababbin shiga sirrin kasuwa: ja ɗin nan arhar kaka ce, gaggawa aikin shaiɗan. Kaico! Shi kamfanin sabulu ina ruwansa da damina? Yaushe ya yi shuka, balle ya ji yunwa?

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Dawa ta yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, daidai yadda Dallatu ya saba hangowa, sai dai a siton wani. Wayar kuwa ja wur. Ran nan Hure ta dire ƙwarya a gabansa. "Maigida, a ɗebo mana daga wayar, yara ba su karya ba." Wannan magana ta soke shi, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ranar ya sayar, abin da ya fito bai kai na buhu ɗaya ba.

Ya hau keke sai kasuwa, gun Mati. Mati ya gaishe shi har da rusunawa, ɗan banza, ya jawo buhu ya farke baki. Ga ƙafar kaza nan da jan fenti, ko koɗewa ba ta yi ba.

"Ajiyar gwani ce, Baba Dallatu, ko ƙwaro ɗaya babu."

Ya auna masa, ya shafe bakin kwano tas. Dallatu ya yi ƙasa da murya. "Ba gyara?"

"Haba Baba. Ai kai ka ce hatsin duka gyara ne."

Dallatu ya ɗaure ledar a bayan keke, ya bi ta hanyar bayan gari, don kada ya wuce ta gaban dakalin.