Layin Ɗigo-Ɗigo a Zanen Gidanmu

Maigidana birkila ne, Allah ya jiƙansa. Ya daɗe yana gina wa mutane, daga Haɗeja har Malam Madori, mu kuwa muna zaune a ɗaki biyu cikin gidansu na gado. Da ya samu fili a bayan gari, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadama, sai ya zana gidanmu da hannunsa, da fensir da rula, a bayan wata babbar kalanda.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa takardar a tabarma, ni kuma in danne gefunanta da kwanoni saboda iska. Firamare kawai na gama, amma ya dage sai na iya karanta ta.

"Ki ɗauka an yaye wa gida rufi, ke kina kan bishiya kina leƙawa," in ji shi. "Abin da kika gani shi ne fulan."

Layi biyu masu kauri bango ne. Inda suka yanke aka ja ɗan baka, ƙofa ce, bakan yana nuna ɓangaren da za ta buɗe. A gefe akwai wani zanen, kamar an raba gidan biyu da wuƙa yadda ake raba kabewa. A nan ake ganin fandisho a ƙasa, da linta, wato kankaren da ake zubawa saman ƙofa da taga. Wata rana na ɗora yatsa a kan madafi na ce ya yi ƙanƙanta.

"Inci ɗaya a nan ƙafa huɗu ne a fili, uwargida. Sai dai in bijimin sa za ki riƙa dafawa ɗungurungum."

Muka yi ta dariya har shayinsa ya huce.

Gini ya wuce linta ciwo ya kwantar da shi. Bai tashi ba. Na shiga takaba ana tsakiyar bazara, ba fita, ba zuwa ko'ina. Ƙaninsa, mai sayar da bandar kifi, ya ɗauki nauyin ƙarasa ginin kafin damina, domin ni da 'ya'yana mu samu namu wurin. Ya karɓi takardar ya ba wani birkila dattijo.

Wata safiya ƙanin mijin nawa ya shigo gaishe ni, ya ce gobe za a zuba daɓen siminti a tsakar gida.

"An sa bututun?" na tambaye shi.

"Wane bututu kuma?"

Na ce ya kawo mini takardar. Da ya dawo tare da birkilan ya zo. Suka zauna a zaure, ni ina daga ciki, bayan ƙyaure. Dattijon ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce ya ga wani layi mai ɗigo-ɗigo ya ratsa tsakar gida, amma ya ɗauka marigayi ne ya fara jan bango ya fasa.

Na san ba haka ba ne. Wannan layin shi ya fi ba ni wuya lokacin da nake koyo. Maigidana ya ce layi mai ɗigo-ɗigo yana nuna abin da yake nan amma ido ba ya ganinsa, domin yana binne. Ya ɗaga fandisho sosai saboda ambaliya, don haka tsakar gidan ta zama kamar daro. In ba a binne bututun da zai fitar da ruwa ba, ruwan Agusta zai kwanta ya ci gindin bango.

Na faɗa musu haka.

Ƙanin mijina ya yi dariya, irin wasan da muka saba. "Matar yaya, yaushe kika zama injiniya? Ke da ko murhu sai an kafa miki!"

"Kai da kifi kaɗai ka iya aunawa, yi mana shiru."

Dattijon ya yi gyaran murya. "Hajiya, ba ƙi nake ba. Amma in da bututu a lissafinsa, da ya bar masa kafa a jikin fandisho. Na zagaya ban gani ba. Fasa fandisho kuwa ba ƙaramin abu ba ne."

Ban taɓa ganin kafar da idona ba. In babu ita, za su ce baƙin ciki ne ke sa ni magana, gobe su zuba daɓe. Na ɗauko rular maigidana daga cikin akwati na ɗora a kan takardar. Daga kusurwar madafi zuwa inda layin ya taɓa bangon gabas, inci ɗaya da rabi.

"Baba, ku auna ƙafa shida daga kusurwar madafi, ku tona gindin bango. Cikon ƙasar da kuka yi ne ya rufe ta."

Suka tafi. Na zauna da takardar a cinyata. Tun rasuwarsa ban kalli rubutunsa ba sai ranar. Ga inda ya goge har takarda ta yi laushi, ga shatin gindin kwano.

Ana kiran azahar suka dawo suka yi sallama. Ƙanin mijina bai yi wasa ba. Ya ce sun tona zurfin bulo biyu suka tarar da kafar, an toshe ta da takardar buhun siminti don kada ƙasa ta shiga.

Dattijon ne ya matso bakin ƙyaure.

"Hajiya, duba mana. Bututu mai inci nawa ya rubuta?"

Na share idona da gefen mayafi, na kusanto da takardar.

"Huɗu, Baba."

"To, huɗu za a sa. Daɓe ya jira jibi."