Gurbin da Baba Tukuna Ya Bari a Kabad

Duk layin masu katako babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Tukuna, shi ke nan. Ka ce ƙofar nan ta yi, ya ce tukuna. Ka ce abinci zai huce, tukuna. Kafinta ne da ya tsufa a gindin injin yankan katako, kuma bai taɓa yarda da abin da bai ƙwanƙwasa da yatsa ba.

Matarsa Hajiya tana da faifan garmaho ɗaya tak a ƙasan akwati. Tana 'yar makaranta aka ɗauki waƙar ajinsu, ita ke bayarwa, sauran na amshi. Baba bai taɓa jin faifan ba, amma ya cika unguwa da baki cewa sai ya haɗa kayan sauti a falonsa ya ji muryar matarsa tana yarinya.

Ya kuwa samo garmaho da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da lasifika biyu, ya ɗora allura. Abin da ya fito sai ka ce sauro a cikin kwalba. Aka kira mai gyaran rediyo na bakin titi.

"Baba, kayanka lafiya lau," in ji shi. "Sautin allura ne ba ƙarfi. Akwai wani ɗan akwati kamar haka, firiyam, ana sa shi tsakanin garmaho da amfilifaya ya ɗaga sautin. Tunda farawa kake, ɗauki ƙarami wanda ya dace da allurarka, wanda ba ya gurnani. Magana ta ƙare."

A wurin wa? Baba bai ji batun allura ba, hannun mai gyara ya kalla lokacin da yake kwatance. Ya koma shago ya ƙera kabad na gani na faɗa, ya bar gurbi daidai wannan kwatancen, ya shafe shi da fenti. Abin da bai taɓa gani ba, har ya gina masa ɗaki!

Daga nan masu shagunan kayan sauti suka shiga uku. Baba zai shigo neman firiyam da ma'auni a aljihu, fensir a bayan kunne. A ce masa, "Baba, zauna ka ji sautin wannan." Ya ce tukuna. Ya auna faɗi, ya auna tsawo, ya ƙwanƙwasa murfin, ya taɓe baki. Wannan ya fi gurbin, wancan bai cika shi ba. Wani kusurwarsa a karkace take, wanda ya yi shi ko almakashi bai kamata a ba shi ba. Na roba kuwa ko taɓawa ba ya yi. Da an hango shi, sai ka ga mai shago ya tuna yana da uzuri.

Hajiya ta yi magana har ta gaji. "Malam, ba katifa za mu saya ba fa. Ji ake yi." Ya ce, "Me?" Ta maimaita. Ya ce tukuna. Shekaru na tafiya, injin na ihu a kansa kullum, "me?" ɗin nan na ƙaruwa, kowa a gidan ya lura ban da shi. Gurbin ya zama wurin ajiye tabarau da maganin ciwon gwiwa.

Wata la'asar babbar 'yarsu ta zo da mai gyara, ɗauke da wani ɗan baƙin abu na roba, bai fi sabulun wanka ba. Baba ya zaro ma'auni.

"Baba, don Allah yau dai ka zauna," ta ce, ta karɓe ma'aunin.

Aka jona, aka ɗora allura. Falon ya cika da wata siririyar murya mai zaƙi, yara na amsa mata. Hajiya ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. 'Yar ta daskare a tsaye.

Baba ya dubi faifan yana juyawa. Ya dubi matarsa. Ya cire fensir daga bayan kunne, ya matsa kusa da lasifika. Amshin yaran yana iso masa kamar daga bayan katanga, amma siririyar muryar, wadda ya yi shekaru yana jira, babu ita. Tsoro ya kama shi.

"Ta fara?" ya tambaya. "Ita Hajiyar ta fara?"

Hajiya ta tashi da ƙyar, ta dafa kabad ɗin, ta sunkuya daidai kunnensa, ta shiga rera masa waƙar da muryarta ta yanzu, mai rawa, mai kaushi. Da ta kai ƙarshen baiti ta yi niyyar miƙewa, sai ya riƙo hannunta.

"Tukuna," ya ce.