Jikokin Farfesa Nkiruka

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, ina cikin aji aka kira ni waje aka ce Farfesa Nkiruka Benson ta rasu a gidanta da ke unguwar Narayi a Kaduna, bayan gajeriyar jinya. Shekara da shekaru muna ofis ɗaya da ke, Nkiruka, kuma ban taɓa cin ki a gardama ba. Ina kewarki ƙwarai.

'Yar bakanike ce ke daga Kakuri, kika ƙare rayuwarki kina nazarin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a: abin da ke sosa mana rai, abin da ke kwantar mana da hankali, da yadda kowace al'umma ke koya wa 'ya'yanta kuka da dariya. A jana'izar uwar mijinki, can kudancin Kaduna, kika gamu da aikinki. Kina ta kukanki na surukar kirki, sai ga jikokin marigayiya sanye da zannuwanta, suna kwaikwayon ɗingishinta da masifarta, gida ya kaure da dariya. Da farko ranki ya ɓaci. Daga baya kuwa ba a binne wani tsoho tsakanin Kakau da Gonin Gora ba a gan ki ba, har muna tsokanarki cewa shinkafa ce ke kai ki. Kin yi ta rubutawa cewa wannan wasan ne ke ba masu makoki damar numfasawa.

Abu ɗaya ya tsaya miki a rai, Allah bai ba ki haihuwa ba. Kin sha ce mini, cikin dariyar da ba ta kai ciki ba, "Malam Joshua, ni wa zai kwaikwaye ni? Jawabai za ku zuba mini, kowa yana duba agogo."

Ranar jana'izarki mun kuwa zuba jawaban, nawa ma ya fi na kowa tsawo. Maigidanki, Baba Benson, yana zaune kai a sunkuye. Sai ga Ruth, ɗalibarki ta digirin dokta wadda ta fi kowa tsoronki, ta fito sanye da rigarki ta farfesa, tabarau a ƙarshen hanci, sauran ɗalibai na biye da ita ɗauke da jakarki. Ta fizge takardar hannuna, ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta ce da muryarki sak, "Wannan ne babi na biyun? Wa ya aike ka?"

Wani dattijo ya miƙe zai hana, domin wasan na jikoki ne kaɗai. Yayar maigidanki ta riƙe masa hannu ta ce, "Ƙyale su. Ita ta raine su."

Baba Benson ne ya fara dariya, hawaye na zuba, sannan duk muka bi shi.

Allah ya jiƙan ki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Allah ya ba Baba Benson da 'yan'uwanki na Kakuri haƙuri, ya kuma raya miki jikokin nan naki.