Linzamin Talatu

Ranar wata Asabar ce, mako guda bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na shiga aji uku, wanzami ya shigo gidanmu na haya a Abakpa da zabirarsa rataye a kafaɗa. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk ta caɓe, sai aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinmu. Goggo Asabe, yayar Babanmu, ita ta ɗora ƙanwata Talatu a cinya ta matse mata ƙafafu, wata maƙwabciya ta riƙe hannuwa. Talatu tana da shekara huɗu, lallen sallah bai gama fita daga tafinta ba, tana ta kallon fuskokin mutane tana murmushi don ta ɗauka wasa za a yi. Wanzami ya sa yatsa ya ɗaga harshenta, ya ce ga shi nan, linzami ne, wata tsoka ce ta ɗaure harshen ta ƙasa, in an yanke kafin girbi sai ta ishe mu da surutu. Ina tsaye bayan randa da tsintsiya a hannu na ji ihunta. Innarmu ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Jini ya ɓata rigar sallar da aka ɗinka mana iri ɗaya, kuma duk wankin da na yi tabon bai fita ba.

Ba haka aka haife ta ba. Kafin ta cika shekara biyu tana cewa Inna, tana cewa Yaya, in tana jin ƙishi ta ce "uwa". Sai sanƙarau ya kama ta a wani bazara mai zafi. Ta tashi da ƙyar, duk ta rame, kowa ya yi ta godiya ga Allah, Baba har sadakar waina ya yi a masallacin layinmu. Daga nan kalmomin nata suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama sai dai ta ja zanin mutum ta nuna abin da take so. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, Goggo ta ce harshe ne. Tunda baki ne ya yi shiru, bakin nata kowa ya zuba wa ido. Rubutu kuwa ta sha shi har ta fara gudun ƙwarya. Bayan yankan nan ta daɗe ba ta iya haɗiye tuwo, sai koko da cokali. Girbi ya zo ya wuce, ba ta ce komai ba.

Ni ce mai yawo da ita. Ni da ita muke kai markaɗen waken suya na awarar Inna, mu bi layin famfo da bokitai, da yamma mu zauna da farantin awara a bakin titi. A wurin injin markaɗe kowa toshe kunne yake yi, ita kuwa sai ta manna tafinta a jikin bango ta yi ta dariya. Ɗan acaɓa zai yi ta danna oda a bayanta ba ta motsa ba sai na fizgo ta. In na laɓaɓo ta baya, ba ta waiwayowa sai inuwata ta faɗa gabanta. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Goggo. Goggo ta ce, "Da kurma ce ai da ba ta taɓa cewa Inna ba. Taurin kai ne kawai." Goggo ita ta raini Baba, in ta yanke magana ta yanku. A wasa kuwa babu yarinyar da ke cin Talatu a carafke, duwatsun nan kamar suna jiran hannunta. In an fito gaɗa sai ta tsaya a gefe ta ƙura wa ƙafafunmu ido, ta shigo daidai, ta fita daidai, waƙar da ake rerawa ba ta san da ita ba.

Da ta kai shekarun boko aka sa ta a makarantarmu. Aji cike maƙil, yara a ƙasa har bakin ƙofa, ita tana can baya kusa da taga. Malama za ta kira suna tana fuskantar allo, Talatu ba ta amsa ba, sai bulala. In ina yi mata wanka ina ganin shatin a ƙwaurinta. Yara suka sa mata suna bebiya, suna bin ta suna motsa baki ba sauti don su ga ta rikice. A islamiyya ta koyi motsa leɓe tare da kowa don kada a dake ta. Ba na riƙe malaman nan a rai sosai, su ma ba wanda ya nuna musu. Abin da ke ci mini rai shi ne, ma'aikatan lafiya sun sha zuwa makarantar, sun ɗiga mana maganin shan-inna, sun raba na tsutsar ciki, amma ban taɓa ganin wanda ya zo don kunne ba. Daga baya ta koma ɓuya a bayan ajin ƙarshe har a tashi. Da Baba ya ji, sai ya ce ta zauna gida ta taya Inna. Ni ma ban wuce aji shida ba.

Tana da shekara tara wata ma'aikaciyar jinya, Maman Bulus, ta kama ɗaki a gidanmu. Ba ta yi kwanaki da tarewa ba ta tsaya bayan Talatu ta buga murafun tukwane biyu, kaji suka watse, Talatu tana ta tsintar shinkafarta. Maman Bulus ce ta matsa har muka je wani asibiti a cikin gari. Mun yini a benci kafin a kai mu wurin mai gwajin ji, wani saurayi mai sanyin magana. Ya shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, ya ɗora mata abin sauraro a kai, yana murɗa na'ura. Ina leƙe ta gilashi. Can sai na ga idonta ya buɗe, ta juya hagu tana neman wanda ya taɓa ta. Ashe akwai sauran ji a kunnen hagu, duk shekarun nan yana nan. Ya duba ƙarƙashin harshenta, ya ga tabon. Abin da ya ce wa Inna shi ne, "Mama, da tun tana ƙarama kuka zo, da yanzu hira take da ku." Aka samar mata ɗan abin ƙara ji na maƙalawa a kunne. Amma ya ce sauti kawai abin yake kawowa, sai an samu mai koyar da magana ta zauna da ita a hankali tana nuna mata yadda sauti ke zama kalma. Matar da ke wannan aikin ta tafi ƙasar waje, ba a ɗauki wata ba. Ya ce masu irin aikinsu kaɗan ne, sun daɗe suna roƙon hukuma ta ƙara ɗaukar irinsu, a kai su ƙananan asibitoci, a riƙa gwada kunnen jariri tun kafin a sallami mai jego. Inna ta ce, "To, Allah ya kyauta." A mota Talatu ta cire abin don hayaniyar tana firgita ta, babu kuma wanda zai saba mata da shi. A cikin kwallar ajiyar kayan Inna abin ya ƙare. Goggo kuwa har ta koma ga Allah cewa take wanzamin ne bai zurfafa ba.

Yanzu ina aure a Katabu, ina da ɗa guda, Sadiƙu. Ya wuce shekara ɗaya da rabi, ya yi wani zazzaɓi mai zafi a bazarar da ta wuce, kuma har yau bai ce Mama ba. Wani lokaci in na kira shi ya waiwayo, wani lokaci ko gezau. A wurin awo suna ɗora shi a sikeli, su auna dantse, su yi allura. Da na yi maganar kunne, malamar ta ce, "Ba mu da mai yin wannan a nan, sai cikin gari." Na je cikin garin, aka ba ni rana sai bayan babbar sallah, wai mai gwajin shi kaɗai ne, mutane kuma daga ko'ina suke zuwa. Maigidana cewa yake na cika sa abu a rai, maza ba sa saurin magana. Kwanan baya ina wanke-wanke na ji masu wannan aikin a rediyo, roƙon da na ji ina yarinya shi dai suke ta yi, ko kalma ba ta sauya ba. A da rashin sani ne ya cuce mu. Yanzu na sani, ban kuma ga abin da sanin ya ƙara mini ba sai zullumi da ƙirga watannin da ke wuce yaron.

Talatu tana wurin Inna a Kinkinau, inda suka koma, kitso take yi da lalle, amare har layi suke mata. In ta zo gidana sai ta ɗauki Sadiƙu ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa yana gwaranci, tana jin motsin, sannan ta ɗago ta juya tafin hannu sama, tana tambayata me ya ce. Sai in girgiza kai, ita kuma ta ƙara rungume shi. Har gobe ina son in ji irin muryar da za ta yi da ta girma tana magana.