Ifraimu da Takardar Tarar Haladu

Tun rana ba ta yi zafi ba za ka gan shi a bakin kwaltar da ta fita daga Gumel ta nufi Maigatari, sanye da kakinsa da ya sha guga har ya koɗe, yana tafe a ƙasa, kansa a sunkuye. Kafin abokan aikinsa su gama jera shinge, Malam Ifraimu ya taka kusan mil guda ya dawo. Abin da hanya ta zubar jiya yake nema: ƙusa, fasasshen gilashi, takalmi wari guda. Inda ya ga kwalta ta yi wani duhu da ba na baƙin mai ba, sai ya ɗebo rairayi da hannu biyu ya rufe, don kada mutane su taka. Daga nan ya koma gindin darbejiya ya buɗe littafin tara, ya soma aiki.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aikin kula da hanya, ashirin da uku daga ciki a ƙasar Gumel. Daga Filato aka turo shi, shi da matarsa Keziya, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye kaki. Direbobi da yawa ba sa son sa, ba sai mun ɓoye ba. Ba ya karɓar na goro, ba ya kuma jin "ka san ko ni wane ne?" Amma duk gidan da aka taɓa kai wa gawa daga kan hanyar nan, tun daga Gagarawa har bakin iyaka, sun san fuskarsa. Shi ne yake biyo baya da hula da waya da takalmin mamaci a cikin leda, ya durƙusa a ƙofar gida ya yi gaisuwa. Ifraimu na Keziya, mai mayar wa gida abin da hanya ta ƙwace.

Akwai abu ɗaya da shi ba ya son faɗa. Daga bakin Abdulfatah muka ji shi, abokin aikinsa na shekara da shekaru, wanda aka yi komai a kan idonsa.

Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, ranar kasuwar Maigatari, shekara tara da suka wuce. Da hantsi ya ɗaga, wata a-kori-kura cike da awaki ta taho kamar an harbo ta. Ifraimu ya tare ta, direban ya taka birki har taya ta yi ƙauri. Sunansa Haladu, mutumin wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar, dogo, mai yawan dariya.

"Direba, ina za ka da wannan gudu?"

"Ofisa, ka yi wa Allah. Awakin mutane ne, in rana ta take ciniki ya watse."

Ifraimu ya rubuta masa tarar gudun wuce ƙima, ya sa lokaci, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Yana da damar riƙe motar a nan har direba ya huce. Sai ya dubi awakin suna haki a cikin rana, ya ji tausayinsu, ya yage takardar ya miƙa masa. Haladu ya ninke ta gida huɗu, ya tuɓe hularsa ya jefa ta ciki, ya mayar kai.

"Nan ba ta ɓata," in ji shi, ya yi dariya ya ja mota.

Ba a yi rabin sa'a ba wani mai babur ya zo yana nuna baya da hannu. Taya ce ta fashe. Suka tarar da motar a kife a cikin wata gona da ba a share ba, Haladu kwance gefe, rai ya yi halinsa. Awakin kuwa ko ɗaya bai mutu ba. Sun kewaye gawar sun tsaya, babu mai kuka, babu mai kiwo, kuma da Ifraimu ya sauko daga kan kwalta sai duk suka juyo suka zuba masa ido. Iska ta ɗauke cak. Abdulfatah ya ce har yau bai ƙara jin shiru irin na gonar nan ba.

Hular tana can kan titi. Ifraimu ya ɗauka ya karkaɗe, ya sake karkaɗewa. Ba komai a ciki. Ya duba aljihun mamacin, ya duba cikin mota, ya bi gonar kunya-kunya. Takarda ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Da la'asar ya kai kayan ƙauyen, ya iske ana shirin sallar gawa. Da yake shi Kirista ne, sai ya ja gefe ya tsaya jikin katanga. Ya ji liman ya ɗaga murya yana cewa duk wanda yake bin Haladu wani abu ya faɗa yanzu, kafin a kai shi. Littafin tara yana aljihun Ifraimu, da kwafin takardar a ciki. Ya ji nauyinsa a ƙirji kamar dutse, amma bai ce uffan ba.

Bayan kwana tara, da tsakar rana, suna bakin shinge, kwalta tana ta kawalwalniya, suka hangi wani abu baƙi yana tahowa a tsakiyar titi kamar ba ya taka ƙasa. Ba su ga motar da ta sauke kowa ba. Sai da ya matso suka ga tsohuwa ce da sanda. Ta wuce kowa ta tsaya gaban Ifraimu.

"Kai ne Ifraimu?"

"Ni ne, Iya. Sannu da rana."

"Ni ce Sabuwa, uwar Haladu."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda, ninki huɗu. Ifraimu ya buɗe. Rubutunsa ne, da sa hannunsa, da sha ɗaya da minti ashirin. Ko ƙura babu a jikinta.

"Iya, wa ya kawo miki wannan?"

"Ba wanda ya kawo. A kan faifan da nake rufe fura na same ta, ranar da abin ya faru, bayan azahar, tun labari bai iso ba. Na ɗauka ta yara ce na ajiye. Jiya malamin makaranta ya karanta min."

Ifraimu ya ce a ransa tsufa ne da baƙin ciki, ta haɗa ranaku. Sai ta ci gaba.

"Ɗan nan, ko gyangyaɗi na yi sai na ga Haladu. Yana tsaye bakin titi cikin rana, motoci suna wucewa ba mai tsayawa. Ya tuɓe hularsa yana ta leƙa cikinta, kamar mai neman wani abu."

Abdulfatah ya ce a nan shi da Ifraimu suka dubi juna. Su biyu kaɗai suka ga inda Haladu ya sa takardar, kuma ba su faɗa wa kowa ba.

"Na zo in biya masa," in ji ta. "A sallame shi."

Nan fa shawara ta tsaya. Ifraimu ya gaya mata tara tana faɗuwa da mutuwar mai ita, ba a bin kowa. Ta girgiza kai, ta ce ita ba doka ce take zuwar mata a barci ba. Abdulfatah ya ja shi gefe ya ce ya karɓi takardar kawai, ya ce mata an gama, ya yage ta bayan ta tafi, wa zai sani? Ifraimu ya kira Keziya a waya, ta ce ya biya daga aljihunsa a wuce wurin. Da ya gwada faɗa wa tsohuwar haka, ta ce ba bara ta zo yi ba.

Ya daɗe tsaye yana juya takardar. In ya karɓi kuɗinta, ya ci abin da ba hakkin kowa ba. In ya yi mata ƙarya, ya sallami tsohuwa da iska. In kuma ya yage, to shi da ya rubuta ya san bai rufe abin da ya buɗe ba.

Ya zaunar da ita a inuwa, ya durƙusa.

"Iya, akwai abin da ban faɗa ba a wurin jana'iza. Ni na tsayar da shi, ina kuma da ikon riƙe shi. Na sake shi."

Ta dube shi ta ce:

"Da ka riƙe shi da ya cika ka da surutu har ka gaji. Ni na haife shi, na san shi. Kwanansa ne ya ƙare. Kai dai ka yi abin da ya rage."

Ya ɗauke ta a motar aiki zuwa ofis a Gumel. Ya zauna ya rubuta bayani da hannunsa, ya jira shugabansu har ya dawo daga taro, aka buga wa takardar hatimi cewa an soke ta, aka karanta wa Iya Sabuwa da Hausa a gaban shaidu. Ta saurara, sannan ta ce, "Ni na ji. Shi fa?"

Washegari da hantsi Ifraimu ya je ƙauyen ya sami liman. Liman ya ce mai bin hakki in ya yafe da bakinsa, ya yafu, kuma ba laifi ba ne a ziyarci kabari. Suka tafi su uku da Abdulfatah. Makabartar tana bayan gari, ba inuwa, ba tsuntsu ko ɗaya. Liman ya yi addu'arsa ya ja baya. Ifraimu ya cire hular aikinsa, ya tsaya ƙiƙam kamar yadda yake tsayawa a bakin shinge, ya ce:

"Haladu, ni ne Ifraimu da na tsayar da kai ranar Alhamis. Takardarka an soke ta. Ba a bin ka komai. Ka wuce."

Ba abin da ya motsa. Suka juyo gida.

Bayan mako biyu Iya Sabuwa ta aiko da saƙo ta bakin wani direba. Ta ce ta ƙara ganin sa sau ɗaya, ta baya, yana tafiya da hularsa a ka, daga nan bai sake zuwa ba. Yadda takardar ta je kan faifan fura kuwa, har yau ba wanda ya sani. In ka tambayi Ifraimu sai ya ce Allah ne masani, ya sauya zance.

Tun daga ranar, duk wanda ya kama da gudu sai ya zare makulli ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, har numfashinsa ya daidaita. An zage shi, an kai ƙararsa, an yi masa barazanar sauyin wurin aiki. Bai fasa ba.

Malam Ifraimu, kai ne baƙon da ya zama ɗan gari a ƙofar gidajen makoki. Kai ne ka ɗauki kukan tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba da nauyin da ake ɗaukar umarnin manya. Mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka isa gida suna zagin ka, ba su san abin da ka tare musu ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, kai da Keziya, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da kuke riƙe da biro da hatimi a ofisoshinmu, da ku matasan da za ku gaji gindin darbejiyar nan, ku dubi mutumin nan da kyau kafin ya tafi. Abin da kuka rubuta da sunan wani, ku bi shi har inda ya tsaya, ko da bakin kabari ne.