Manzo da Zanen Gawayi

A Tama, in aka ce Manzo mai gatari, ba a neman ƙarin bayani. Shekara arba'in da ɗoriya yana saran itace: dogon yaron da aka jera a kwari don tare iska, bagaruwar da ta tsufa a bakin garka, duk icen da ya gagari mai shi. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Ba ya fita aiki sai da guntun gawayi a aljihu.

Gawayin nan da dalilinsa. Yana saurayi, wani mai amalanke a Babankatami ya kira shi, shi da abokin aikinsa Habu, su kayar masa da dogon yaro a ƙofar gida. Suka sare shi daidai ƙugu, yadda suka saba a kwari, don ya sake toho. Mutumin ya dawo daga kasuwa ya tarar da kututture tsaye a inda yake son amalankensa ya riƙa shiga. Ya ce shi ba haka ya ce ba, su kuma suka ce ai bai ce komai ba. Magana ta kai gaban maigari, aka yanke su tone kututturen. Kwana uku suka yi suna haƙa cikin marmara, masu wucewa na yi musu sannu mai kama da dariya.

Tun daga ranar Manzo bai ƙara ɗaga gatari ba sai ya zagaye gindin ice da gawayi, ya kira mai shi ya gani da idonsa.

"Nan za ni sara," yakan ce. "In toho kaka so, ƙugu ko gwiwa. In wuri kaka so, ina sauka har taƙi guda, ba ni wuce nan, ƙasarmu dutsi ce, tana cin bakin gatari. In kuma ba ka son ganin komi, wannan tono ne, aiki ne daban."

Ba kowa ke son jin wannan ba. Amma a lokacin akwai Habu, mai baki kamar zuma. Manzo ya faɗi gaskiya a bushe, Habu ya bi ta da barkwanci har mai ice ya yi dariya ya yarda. Manzo na sara, Habu na jan igiya, ice ya faɗi inda aka ce zai faɗi.

Sannu a hankali gidan Manzo ya yi shiru. Matarsa Habsa ta rasu. Ɗansa Sufyanu ya tafi Abijan biɗar kuɗi, sai murya a waya ranar salla. 'Yarsa na aure a Keita. Sai kuma samari masu injin yanke itace suka fara zuwa daga Madawa a kan babur. Su ba su da gawayi. Kome aka tambaye su, sai su ce an gama. Mutane kuwa sun fi son wanda zai ce musu an gama. Manzo bai taɓa zaginsu ba, sai dai in ya ji kukan injin daga nesa yakan daina tauna goro har ya lafa.

Bara da bazara Habu ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in, Furera 'yar Habu ta zo ta durƙusa a ƙofar Manzo. Ta ce dogon yaron tsakar gidansu ya karkata kan ɗakin mahaifiyarta, saiwarsa ta fasa bango, ga damina na tafe.

"An ce mini in kira masu inji," in ji ta, "amma Inna ta ce in ba kai ba, a bar shi ya faɗo mata."

Washegari da hantsi ya je. Ya san icen. Shi da Habu suka kawo shi yana ɗan dashe cikin leda, shekarar da aka haifi Furera, a inuwarsa kuma suke wasa gatura. Ya zagaye shi sau biyu, ya durƙusa da ƙyar, ya fiddo gawayi.

"Ɗiyata, ina kika so in tsaya?"

"Baba Manzo, ni mi na sani? Ka share shi dut, kamar ba a taɓa shuka shi ba. Inna ba ta son kallonshi."

"Wanga ba ni iyawa," ya ce. "Wannan tono ne, ni kuwa ni kaɗai na rage. Ba ni yi miki alkawalin abin da ba shi yiwuwa. Taƙi guda zai rage. Kuma ki sani, dogon yaro ba shi mutuwa da sara. Ruwa na sauka za ki ga toho, sai kin bi kina karyewa, shekara biyu ko uku. Ki shiga ki gaya ma innarki haka, kada ta hito ta ga abin da ba ta zata ba."

Furera ta shiga ɗaki. Manzo ya tsaya shi kaɗai a tsakar gida, yana jin ƙus-ƙus ɗinsu. Da can a irin wannan gaɓa ce Habu ke sako barkwanci. Ya laluba ransa ko zai sami wata magana mai taushi da zai ƙara, bai samu ba.

Ta fito ta ce, "Ta ce ta ji. Ta ce ka yi yadda ka hwaɗi."

Ya zana taƙi guda, ya sa ta duba, ta ɗaga kai.

Ya fara da rassa. Da ya zo kan gindi, sai ya ɗaura igiya, ya juya zai miƙa ta, babu hannun da zai karɓa. Ya daɗe tsaye da ita. Daga baya ya zarge ta a jikin turken awaki, yana sara yana zuwa yana ƙara tamke ta da kansa. Aikin da suke gamawa kafin azahar ya kai shi la'asar sakaliya. Icen ya yi ƙara ya kwanta ta gabas, bai taɓa ɗakin ba. Rana ta cika tsakar gidan, har kaji suka rasa inda za su fake.

Tsohuwar ta leƙo, ta dubi kututturen, ta dubi Manzo.

"Sannu, Manzo. Haka ka ce, haka kuwa ya zama."

Ta koma ciki. Furera ta kawo masa fura a ƙwarya, ya zauna kan gungumen ya sha rabi, ya rufe sauran da faifai.

Kafaɗar ba ta koma daidai ba tun daga aikin nan. Yanzu ƙananan ayyuka yake karɓa, sassabe da gyaran shinge. Da kaka 'yarsa ta aiko daga Keita cewa ya tattara ya koma wurinsu, an gyara masa ɗaki. Ya ce wa ɗan saƙon ya ji, a gaishe ta, sai ya ga yadda sanyi ya yi.