Jika a Ƙofar Gida, Ba Sallama

A shekarun da sojoji suka koma bariki, ina koyarwa a wata ƙaramar firamare da Hausawan Agege suka gina wa 'ya'yansu. 'Yan aji shida nake riƙe da su. Yawancinsu a Ikko aka haife su, Yarabanci ya zauna musu a baki, broka kuwa ba a magana. Ka tambayi yaro garinsu, ya ce maka Katsina ko Haɗeja, alhali iyakar arewar da ya taɓa takawa ita ce Abule Egba, nan bayan Agege. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, na ce kowane yaro zai yi bayani a kan garin iyayensa, a ɗauka a bidiyo. Akwai wani Bayerabe mai ɗaukar biki da suna, muna ce masa Oga. Shi ya nuna mini wata na'ura tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, da ya saya. Za ka rataya koren yadi a bango, mutum ya tsaya gabansa, sai na'urar ta ɗauke koren ta sa duk hoton da kake so a madadinsa. A talabijin ka rantse mutumin yana can wurin. Na ce, "Oga, ai wannan nake nema!"

Na hau motar haya ta danfo zuwa kasuwar Oshodi na yanko yadin, muka buga shi da ƙusa a bayan aji. Kowane yaro ya zo da hoton garinsu daga gida. Wani ya zo da koriyar hula, sai muka ga rabin kansa ya zama kasuwar garinsu. Da ƙyar na tsayar da dariyar ajin.

Wadda ta fi kowa yi da kyau wata yarinya ce mai bakin tsiya, monitar aji. Mahaifinta fatu yake saya a kwatar Oko-Oba. Hoton da ta kawo na ƙofar gidan kakarta ne, a wani gari can ƙasar Katsina: zauren ƙasa, da dakali, da dalbejiya a gefe. Ta gyara mayafi ta ce, "Ga ni yau a ƙofar gidan kakata," har tana nuna zauren da hannu kamar a nan ta tashi. Ranar biki iyaye suka yi ta tafi. Uban ya sayi kaset ɗaya, ya haɗa da atamfa da sabulu, ya ba direbobin motocin shanu su kai wa mahaifiyarsa.

Ni na ma manta da maganar. Wata safiya ina rubutu a allo, sai ga uban yarinyar a bakin aji, fuska ba walwala, da leda a hannu.

"Malam, ka haɗa ni da mahaifiyata," ya ce.

"Subhanallahi! Ni kuma, Alhaji?"

Muka shiga ofis. Ya zazzage ledar a kan tebur, ga atamfar da sabulun an dawo da su ko buɗewa ba a yi ba. Da kuma kaset na rediyo, don lokacin da haka tsofaffi suke aiko da saƙo, garin ba waya. Na sa a rediyon makaranta.

Muryar tsohuwa ce, tana rawa saboda ɓacin rai. "Wato har ƙofar gidana ka kawo yarinyar nan, kuka yi hotonku, kuka juya. Ko sallama babu. Ni ce abin gudu? A gidan mai janareta aka sa, unguwa duka ta gani, ana tambayata me na yi maka. To ga kayanka nan. Kada ka ƙara aiko mini da komai."

Dariya ta so ta kufce mini, amma da na dubi Alhaji sai ta koma ciki. Babban mutum da furfura, idanunsa sun yi ja. Ya ce ya riga ya aika da rantsuwa ta bakin direbobi, ta ce ita idonta ya gani, ba labari aka ba ta ba. "Malam, ban taɓa kwana mahaifiyata tana fushi da ni ba sai yanzu. Ko cinikin ma na kasa."

Fushin uwa ba abin wasa ba ne, kuma daga ajina abin ya taso. Na ce ya ba ni dama.

Na je na samu Oga. Da na gaya masa, ya dafe kai ya ce ashe aikinsa ya yi kyau har haka. Na ce, "Kai ta yabon kanka kake yi? Ɗauko kayanka mu je." Bai yi gardama ba, ya ce shi ma yana da uwa a ƙauye.

Muka sake rataya yadin. Wannan karon na ce a fara da nuna komai yadda yake: benci, allo, tagar da ake hango masu okada, da yadin a bango. Alhaji ya durƙusa gabansa ya gaida mahaifiyarsa, yarinyar ma ta durƙusa. Sannan Oga ya taɓa na'ura, zauren ya bayyana a bayansu, ya sake taɓawa ya ɓace. Na ce wa yarinyar, "To, juya ki shiga gidan kakarki mu gani." Nufina ta ɗan taɓa yadin da hannu. Ita kuwa da rawar kanta ta yi sallama da ƙarfi, ta taka kai tsaye, goshinta ya ce ƙum da bango. Ta dafe wurin, ta saki wata kalmar Yarabanci, hawaye ya zubo. Oga ya ce a yanke wurin. Na ce wallahi ba za a yanke ba.

Kaset ya tafi, muka shiga jira. Duk sanda na ga motar shanu ta nufi Oko-Oba sai in bi ta da kallo. Yarinyar ta daina surutu a aji, abin da bulala ta kasa sa ta yi. Wata rana ta tambaye ni ko kakarta ba ta son ta ne, na ce ta koma ta zauna.

Rannan ana tara, sai ga Alhaji da sabon kaset. Ya ce bai saurara ba, tsoro yake ji, mu ji tare. Na danna.

Dariya muka fara ji, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari. "Kai, mutanen Ikko da fitina! An sa mini har na gaji da kallo. Yarinyar nan ta ji ciwo? A shafa mata man shanu." Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Alhaji sai alhamdu lillahi yake ta faɗa.

Sai muryar ta yi sanyi. "Na yafe maka, ɗana. Amma ka san abin da ya sa na yarda da sauri? Rabonka da gidan nan tun kafin ta fara tafiya. Sai na ce wanda ya iya wannan, zai iya wancan ma. Jikata ta yi mini sallama, bango ya tare ta. Ka kawo mini ita ina da sauran ganin da zan gane ta."

Na kashe rediyon. Alhaji ya cire hula ya goge fuska da ita.

"Malam," ya ce, "yaushe za ku ba da hutu?"

Na ce sai wata mai zuwa.

Ya ce, "Ya yi nisa. Ka ba ta izini, jibi akwai motar da za ta koma."

Na ce su tafi, karatun da ta rasa ni zan biya mata shi in ta dawo.